Yadda Gonar Bakin Ruwa Ta Koma Hannun Sale

Auwalu, kai nake yi wa wannan rubutu tun da kai ne babba a cikin maza, amma sauran ma su karanta, har da yayyenka mata da ke ɗakunansu. Labari ya iso mini cewa ka je wurin mai rubuta takardar ƙara, kana so ka maka Baffanku Sale a gaban alƙali a kan gonar bakin ruwa. Ban ga laifinka ba. Kun taso kuna jin mutanen unguwa suna cewa Sale ya cinye gonar yayansa lokacin da yake kwance, kuma ba ku taɓa jin na ƙaryata ba. To yau zan ƙaryata, da hannuna nake rubutawa, hankalina garau, shekaruna sun doshi saba'in. Sale bai ƙwaci ko taku ɗaya ba. Ni na ba shi, kuma ciwon baya ne ya sa na ba shi.

Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, gonar tudu ta faɗa wa Sale, ta fadama ta faɗo mini. Kun san ta, ba sai na yi muku kirari ba: shinkafa da damina, alkama da rani, ƙasa baƙa wuluk wadda ko tsinke ka soka sai ya yi tunanin tsirowa. Amma gonar fadama a wajenmu tana da sharaɗi. Ruwan da ke zuwa mata ta wata 'yar magudana yake biyowa daga kogi, ita kuwa magudanar kachala ce ke toshe ta duk shekara, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Saboda haka dattawa suka kafa doka tun kafin a haife ni: duk mai gona a kan magudanar, ranar gayya dole ya shiga ruwa da laujensa, ko ya turo baligi daga cikin gidansa. Ba a karɓar ɗan ƙwadago, wai wanda aka biya sama-sama yake yanka, ba ya kai hannu tushe. Mahaifinmu yakan ce gonar ruwa ta mai shiga ruwa ce. Ni kuwa ba shiga kawai nake yi ba, ni nake jan gaba. Shekara goma sha ina farkon layi, ruwa iya ƙugu, in sunkuya in yanko, in tattaro in wurga gaɓa, samari na bayana suna haki. Ba yabon kai ba ne, ku tambayi duk wanda ya rage a cikin sa'o'ina.

Ciwon baya kuwa a wurinmu ba a lissafa shi cikin cuta. Kamar gumi yake, duk mai aiki yana da nasa. In ya matsa maka sai ka samo tsohon rawani ka ɗaure ƙugu tamau, ka koma bakin aiki. Na fi shekara biyar da irin wannan ɗamara a ƙarƙashin riga. Baya yana yi mini magana, ni kuma ina toshe masa baki da ƙyalle.

Shekarar da abin ya faru ina da kamar hamsin. Mun gama gayya da hantsi, muka ɗauko injin ban ruwa a kwalekwale za mu sauke shi a gaɓa. Ƙafafuna sun nutse cikin taɓo, ba halin in gyara tsayuwa. Sale yana can yana ɗaure igiya, ya ɗago murya.

"Yaya, dakata in zo mu kama tare."

"Tun kana goye nake ɗaukar abin da ya fi wannan," na ce masa.

Na sunkuya ƙafafu a miƙe, na cicciɓo injin, na murɗa ƙugu zan ajiye shi a dama. Sai na ji wani abu a ƙasan bayana kamar an tsinka igiyar guga. Injin ya faɗa ruwa, ni na bi shi. A amalanke aka kai ni gida, ni da nake shiga unguwa da lauje a kafaɗa ina tsokanar masu zaman bakin titi.

Kafin la'asar duk unguwa ta gama duba ni ba tare da ta taɓa ni ba, kuma bakinsu ɗaya: basir ne. Kun san mutanenmu, in namiji ya kama baya basir ne, in ya rame basir ne, in ya yi ƙiba ma basir ne ya kumbura shi. Jarkoki suka fara shigowa, wannan jiƙo ne, wancan dafi ne na sassaƙe, kowanne da mai rantsuwa a kansa. Na sha har na rasa wanne ke aiki, abin da dai na tabbatar shi ne duk suna sa gudawa. Ku auna mutumin da ba ya iya tsugunno a ce yana zarya bayan gida sau takwas a wuni. Da wannan bai yi ba aka kira wanzami ya kafa mini ƙaho, ya nuna mini baƙin jini a ƙoƙo ya ce ga ciwon nan ya fito. Ciwon bai ji labari ba. Aka kawo wata baiwar Allah mai 'yan biyu ta taka mini baya da diddige, na yi ƙarar da maƙwabta suka ɗauka rasuwa aka yi. Sannan ga ƙwayoyi da ake sayo mini a wurin mai talla a kasuwa, ja da fari da rawaya a ƙulle cikin leda, in watsa su sau uku a rana. Suna kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma cikina ya koma kamar na haɗiye barkono. Kowa kuma ya ce in kwanta kada in motsa, na kwanta a tabarma wata biyu cur.

Maimakon sauƙi, sai ciwon ya sauko. Ya bi ta ɗuwawun hagu, ya bi bayan cinya, ya kai har babban yatsa, yana tsira kamar wutar lantarki. Mahaifiyarku Hajara, Allah ya jiƙanta, ita ta lura da abin da ni ban lura ba. Wata rana na dafa bango zan je alwala, sai ta tsaya tana kallon ƙafata.

"Malam, ina takalminka na hagu?"

Na duba, ashe ya zame tun daga bakin ɗaki, ban ji fitarsa ba.

"Basir ba ya cire wa mutum takalmi," ta ce. "Gobe asibiti za ka."

"Asibiti? Su ce za su yanka ni?"

"Su yanka ɗin. Mu nan gida mun gwada komai, yankan ne kaɗai ya rage mana."

Haka take, in ta ga dama magana ɗaya za ta yi ta rufe maka hanya. Washegari Sale ya samo mota ya kwantar da ni a kujerar baya, muka shiga cikin Haɗeja.

Likitan ba wani babba ba ne, na girme shi nesa ba kusa ba, har na fara raina shi a zuciyata. Ya kwantar da ni rigingine, ya ɗaga ƙafar hagu a miƙe, kafin ta yi nisa na kira sunan Allah. Ya ce in tura hannunsa da babban yatsana, na kasa. Sannan ya jero tambayoyi: ina iya riƙe fitsari da bayan gida? Tsakanin cinyoyina ya mutu? Ina zazzaɓi? Ina ramewa ba dalili? Na ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi, domin da ɗaya daga cikin waɗannan ya samu, ba maganar jira ba ce ko ta wuni ɗaya. Ku riƙe wannan, ya fi gonar amfani. Da na kawo masa zancen basir sai ya yi murmushi.

"Baba, basir yana da gidansa, kuma ba a baya yake ba. Ƙashin bayanka guntu-guntu ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai wani abu mai laushi kamar gammo. Naka ɗaya ya bulluƙo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Shekarun sunkuyo ne suka gajiyar da shi, injin ya ƙarasa."

Ya ce yawancin ciwon baya ma bai kai nan ba, tsoka ce ke gurɗewa saboda ɗaukar kaya ba daidai ba, ko dogon sunkuyo, ko dogon zama a kan babur, ko nauyin tumbi, kuma cikin 'yan makonni yake warkewa in mutum ya ci gaba da motsi a hankali. Kwanciyar wata biyun nan da na yi, in ji shi, ita ta ƙara kashe mini tsoka. Ɗamarar ma haka, ta karɓe aikin da naman ƙugu ya kamata ya yi har ya zama malalaci. Ya karɓi ledar ƙwayoyina ya jefa a kwando, ya ce irinsu suna huda ciki suna lalata ƙoda in an daɗe ana sha. Ya rubuta mini magani na 'yan kwanaki kawai, ya tura ni wurin masu gashin ƙashi. Ya ce in ƙafar ta ci gaba da mutuwa to sai Kano, sai aiki, in kuwa ta fara dawowa ba sai an taɓa ni da wuƙa ba.

A wurin gashin ƙashi wata mata ce ta karɓe ni, ta koya mini abubuwan da da farko na ɗauka wasan yara ne. In kwanta rigingine in jawo gwiwa zuwa ƙirji. In kifa ciki in ɗago kafaɗu a hankali. In matse ciki in ƙirga goma. In ɗora tawul mai ɗumi a ƙugu. In yi tafiya kullum, yau kaɗan gobe a ƙara. Ta ajiye bokiti a gabana ta ce in ɗauka, da na sunkuya ta buga tebur. Ta nuna mini: a durƙusa da gwiwa, a jawo kaya jikin ƙirji, a tashi da ƙarfin cinya, in za a juya a juya da ƙafa ba da ƙugu ba. Shekara hamsin ina ɗaukar kaya, ranar aka koya mini ɗaukar bokiti. A gida nakan rufe ɗaki in yi motsin nan, Hajara tana leƙowa ta taga tana cewa Malam ya koma rarrafe, saura a yi masa yaye. Na bi umarni sau da ƙafa, domin ni in na yarda da abu ba na yi masa rabi. Bayan sallar asuba in bi gaɓar kogi da sanda, masunta suna fitowa ina wucewa. Cikin wata uku yatsan ya dawo, takalmi ya zauna a ƙafa, na jefar da sanda, na yi ruku'u da sujada kamar kowa.

Abu ɗaya ne likitan ya ce wanda na ƙi ji. Ya ce wuni guda a sunkuye cikin taɓo, da fizgar kachala, da ɗaukar inji, bayana ba zai ƙara ɗauka ba. Na ce a raina yaro ne, bai san ni ba. Lokacin dashe na faki ido na tafi gona ni kaɗai, na dasa shinkafa fangali ɗaya. Ɗaya tak. Kafin in iso gida wutar nan ta sauko har diddige, na yi mako guda ina jan ƙafa. A wannan makon na yi lissafin da ya kamata. A gayyar da ta biyo bayan ciwon dattawa sun yi mini uzuri, Sale ya shiga ruwa a madadina, amma uzuri ba ya zama gado. Yaran gidana na fari duk mata ne, kai kuwa Auwalu ko tsawon lauje ba ka kai ba. Ko dai in koma ruwa in ƙare a kan tabarma kuna juya ni, ko in saki gonar in tsaya da ƙafafuna in rene ku. Aro kuma ban so ba, na ga yadda aron gonar fadama yake raba zumunci, kullum mai ita yana leƙe yana gyara wa mai noma hannu. Na kira Sale bayan la'asar, muka zauna a zaure, Hajara tana daga ciki tana ji.

"Na ba ka gonar bakin ruwa, halak malak."

"Yaya, wace irin magana ce wannan? In noma maka dai har Auwalu ya tasa."

"Ka san abin da Baba yake cewa. Kai ke shiga ruwa, taka ce. Amma da sharaɗi. Ka rantse ba za ka gaya wa kowa dalili ba."

"Ciwo abin kunya ne?"

"Na baya, a wurin namiji, a garin nan? Ka rantse kawai."

Ya rantse. A nan ne na yi kuskuren da ya fi na ɗaukar inji. Kun san yadda majalisa take. In aka ce bayan namiji ya mutu, ba gona kaɗai ake nufi ba, har cikin ɗakinsa za a bi shi da dariya. Ni da na yi shekaru ina yi wa wasu wannan tsiya, na san irin ramuwar da ke jirana. Na gwammace a ce komai da a ce Habu mai jan gaba ya kasa sunkuyo.

Na kafa tebur a kasuwa ina sayar da iri da kayan gyaran inji, na sa aka yi mini shi da tsawo don kada in riƙa duƙawa. Mutane suka ga ina tafiya a miƙe kamar soja, ga Sale a cikin gonata. Suka haɗa biyu da biyu. Wata rana a majalisa, bayan magariba, wani ya dube ni a gaban kowa.

"Malam Habu, wai da gaske Sale ya hau gonarka kana kwance?"

Duk idanu suka dawo kaina. Kalma huɗu za su wanke shi: ni na ba shi. Amma da na faɗe su, tambaya ta gaba ita ce don me. Sai na sunkuyar da kai na ce:

"Mu dai mun bar wa Allah."

Ban yi ƙarya ba, na dai yi abin da ya fi ƙarya muni. Kafin gari ya waye ƙanena ya zama azzalumi. Aka laƙaba masa suna Ci-gona, yara suna faɗa in ya wuce. Aka daina ba shi gaba a sallar gawa, shi da ya fi ni karatu. Duk kaka yana aiko mana da shinkafa da alkama daga gonar, ba don na roƙa ba, mutane suka ce toshiyar baki ce. Ku kanku kuka daina zuwa gaishe shi da salla, ina gani ina yin kamar ban gani ba. Kai Auwalu akwai shekarar da ka ture kwanon tuwo ka ce ba ka cin shinkafar haram, ina zaune na ce a ƙyale ka. Mahaifiyarku ta sha yi mini magana in mun kaɗaita. Ta ƙarshe da ta faɗa, tana cikin ciwon ajalinta, ita ce:

"Malam, bayanka ya warke tuntuni. Ƙanen nan naka kuwa har yau shi ke ɗauke da kai."

Na ce zan gyara. Ta rasu ban gyara ba, kuma wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ba na nadamar sakin gonar, ko kaɗan. Da na koma ruwa da yanzu ba ni nake tafiya masallaci da ƙafata ba. Sa'o'ina da suka ci gaba da ɗamara da jiƙo, ku je ku gan su, wasu a kujera suke salla, wasu ba sa fita. Na yi shawarar da ta dace, na aurar da yayyenku, na sa ku makaranta, har yau ina motsin nan nawa kowace safiya ba na fashi. Abin da nake nadama shi ne na sayi mutuncina da na ɗan'uwana.

Ranar da na ji zancen takardarka na hau adaidaita na tafi gidansa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran lauje, ya ranƙwafa, domin shekara goma sha takwas na kachala ba su bar shi haka ba. Na ce masa na warware masa rantsuwar nan, ya faɗi gaskiya ga duk wanda ya ga dama, kuma ya yafe mini. Ya ci gaba da wasa laujensa bai ɗago ba.

"Yaya, yanzu in na faɗa wa zai yarda? Ci-gona ne fa zai yi magana."

"Me ya hana ka karya ta tun tuni? Sai ka yi kaffara."

"Na yi tunanin haka. Amma na ga yadda yaran nan suke kallonka. Na ce gara su rasa baffa da su rasa uba."

Na zauna a kan dakalinsa na yi kuka, tsoho da ni, mutane suna wucewa. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na miƙe a majalisa na faɗi duk abin da kuka karanta a nan, har da fangalin da na dasa a ɓoye. An yi dariyar da nake gudu, ba ta kai minti biyu ba. Abin da ya sa na ɓoye gaskiya shekara goma sha takwas ke nan.

Saboda haka Auwalu, ga yadda za a yi. Jibi zan kai Baffanku wurin masu gashin ƙashi, kuma kai za ka tuƙa mu. In ka iso ƙofar gidansa ka cire takalmi ka durƙusa ka gaishe shi, sauran magana ka bar wa bakinka. In kuwa ka ga takardar ƙarar ta fi maka, ba zan riƙe hannunka ba, ka kai ta. Za ka same ni a kotu tun kafin alƙali ya zauna, a benci ɗaya da Sale, kuma ni ne shaidarsa na farko.